Turbo, Sufacaja, Gina Cikin Inji ko Sauya Shi: Wanne Aljihunka Zai Iya Kaiwa Ƙarshe?

Duk wanda ya daɗe cikin masu sha'awar ƙara wa mota ƙarfi ya san motar nan da ke kwance a kusurwar gareji, an lulluɓe ta da tamfol, injinta yana cikin kwalaye huɗu ko biyar. Mai ita ya sayi turbo tun bara, sabo dal, har yanzu yana cikin ledarsa. Abin da ya rage masa nozul ne, da famfon mai, da kuloci, da kuɗin mai saiti, kuma sai bayan ya saya ya gano cewa waɗannan idan aka haɗa su sun fi turbon tsada. Ba na so taka ta kwanta haka, shi ya sa zan jera maka hanyoyi huɗun da ake bi, kowace da abin da take bayarwa da abin da take ci.

Inji ba ya ƙona fetur shi kaɗai. Kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar iska kimanin giram 14.7 kafin ya ƙone tas. Zuba fetur ba wuya, shigar da iskar ce aiki. Don haka duk wata dabara ta ƙara ƙarfi tana komawa ga yadda za a cusa iska mai yawa cikin silinda a kowane minti: ko dai injin ya ƙara girma, ko ya ƙara saurin juyi, ko a danna masa iskar da ƙarfi. Gina cikin inji ya dogara ne ga saurin juyi da sauƙin numfashi. Turbo da sufacaja danna iska suke yi. Sauya inji kuwa sayen girma ne, ko sayen aikin da wani kamfani ya riga ya gama.

Kafin ka zaɓi ɗaya, rubuta lamba a takarda: ƙarfin doki nawa kake so? Yawancin mutane 500 suke cewa, domin ita suka saba ji a bidiyo. Amma ɗauki mota mai nauyin kilo 1,200 da ƙarfin doki 150. Kowane doki yana jan kilo 8. Ka kai ta doki 225, kowane doki ya koma jan kilo 5.3. Wanda ya saba da ita zai rantse an canza masa mota, alhali ƙarin bai wuce 75 ba. Ka kuma tantance inda ake auna lambar, domin tsakanin kiranshaf da taya ana asarar wani kaso a giyabos da aksul, kimanin 15 cikin 100 a ƙiyasin da aka saba yi. Doki 300 a taya da doki 300 a kiranshaf kasafinsu ba ɗaya ba ne.

Gina ciki, ba turin iska

Wannan ita ce hanyar da na fi so a zuciyata, kuma ita ce nake fi jinkirin ba wa sabon shiga shawarar ya bi. Ana canza kamshaf zuwa mai buɗe bawul sosai kuma ya daɗe a buɗe, a gyara hanyoyin iska na kan silinda, a sa sufirin bawul masu tauri, a sa fistin masu ƙara matsi, a buɗe salansa. Abin da za ka samu inji ne da ke amsa totur tun kafin ƙafarka ta gama sauka, mai ƙara mai daɗi, marar nauyi, wanda ba ya tara zafi kamar mai turbo. A filin tsere mai kwana da yawa, inda ake zagaye ashirin ba tsayawa, irin wannan injin ba shi da na biyu wajen natsuwa.

Matsalar lissafi ce. A 1999 Honda ta fitar da S2000 da inji mai lita 2.0 da ke ba da doki kusan 240, yana juyawa har 9,000 a minti. Doki 120 ke nan a kowace lita, kuma an daɗe ana kafa misali da shi, domin injiniyoyin kamfani guda ne suka zauna suka tsara shi tun daga tushe don wannan aikin. To idan naka mai lita 2.0 yana ba da 140, ka sani kai shi 200 ba tare da turin iska ba yana nufin kusan babu abin da za ka bari a cikinsa yadda ka same shi. Kowane doki a wannan hanyar ya fi na sauran hanyoyin tsada, kuma na ƙarshe-ƙarshen su ne suka fi cin kuɗi.

Dalili kuwa shi ne saurin juyi ba ya zuwa kyauta. Nauyin da fistin da kwanrod suke ɗora wa kusoshinsu a duk lokacin da suka tsaya suka juya baya yana ƙaruwa ne da ninkin saurin a kansa. Ka tashi daga juyi 6,000 zuwa 8,500, wahalar ta ninka biyu, ko da yake saurin bai ƙaru da rabi ba. Tsawon tafiyar fistin ma yana da baki a maganar. Injin Honda mai suna K20 fistin ɗinsa milimita 86 yake tafiya, ɗan'uwansa K24 kuwa 99. A juyi 8,000 matsakaicin gudun fistin na farko mita 23 ne a daƙiƙa, na biyu ya haura 26. Shi ya sa masu ɗora kan K20 a gangar jikin K24 suke samun murɗa mai kyau, wato ƙarfin da inji ke murɗa kiranshaf da shi, amma masu hankalin cikinsu ba sa bin jan layin K20, wato iyakar juyinsa, ido rufe.

Akwai kuma abin da za ka rasa. Kamshaf mai zafi yana sa inji rawa idan mota na tsaye, yana rage ƙarfin tashi, yana kuma rage zuƙar iskar da bustan birki ke dogara da ita. Motar da kake shiga cunkoso da ita kullum za ta gajiyar da kai. Idan kuma wurin da kake tuƙi tudu ne mai tsawo, inji marar turin iska yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 da aka hau, domin iskar can ba ta da kauri.

Inda wannan hukuncin yake sassautawa shi ne a manyan injuna. V8, wato inji mai silinda takwas, mai lita biyar ko shida, canjin kamshaf da sufirin bawul da saiti kaɗai yana iya ƙara masa gomomin dawaki ba tare da an taɓa ƙasan injin ba, domin ƙaramin kaso na babban abu ma babba ne.

Turbo

A nan zan daɗe, domin nan ne aka fi samun ƙarfi da araha, nan ne kuma aka fi fasa inji.

Dabarar tsohuwa ce. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905. Hayaƙin da ke fita yana juya fanka ɗaya, ita kuma ta juya wata da ke danna iska ciki, a gudun da ya wuce juyi 100,000 a minti. Iskar da muke shaƙa a bakin teku matsinta psi 14.7 ne, wato kusan bar 1 (psi da bar ma'aunan matsi ne). Ka ƙara psi 7 a kai, ka ƙara wa injin kusan rabin iskar da yake samu. A takarda doki 150 ya doshi 220, a zahiri zai ɗan gaza haka saboda zafi da cushewar hayaƙi. Babu kamshaf ɗin da zai ba ka wannan ƙarin a ƙaramin inji.

Abokin gabar turbo shi ne ƙwanƙwasa, wato ragowar fetur da iska su fashe da kansu maimakon su ƙone a jere daga bakin filogi. Iskar da aka danna tana zafi, zafi da matsi kuma su ne ke kawo wannan fashewar, ita kuma tana karya gefen fistin inda ringi ke zama, ta daka metal, ta ƙona gasket. Tarihi ya nuna haka tun da wuri. A 1962 Oldsmobile ta fitar da Jetfire, ɗaya daga cikin motoci biyu na farko masu turbo da aka sayar wa jama'a. An bar mata matsi mai yawa, 10.25 bisa 1, wato ninkin da fistin ke matse abin da ke cikin silinda, sai aka sa mata ɗan tanki na ruwa da metanol da ake fesawa don hana ƙwanƙwasa. Masu motar suka riƙa barin tankin yana ƙarewa, korafi ya yi yawa, daga baya aka cire wa da dama daga cikinsu turbon aka mayar musu da kafireto. Kwatanta da 2JZ-GTE na Toyota Supra da aka tsara don turbo da matsi 8.5 bisa 1, sannan ka duba K20A na Integra Type R mai 11.5 bisa 1. Duka biyun ana iya danna musu iska, amma na biyun filin kuskurensa ƙanƙane ne, kuma fetur mai oktan sosai yake nema.

Ga jerin abin da turbo yake jawowa a bayansa, wanda mai tallan turbon ba zai lissafa maka ba. Intakula, don sanyaya iskar da aka danna, tare da bututunta da ƙullunansu. Manifol ɗin hayaƙi da zai jure zafin da ke kaiwa digiri 900 na salshiyos ba tare da ya tsage ba, da abin da zai kare wayoyi da robobin da ke kusa da shi. Ƙofar sakin hayaƙi mai kyau, domin ita ce ke hana turin ya wuce inda aka tsayar. Bututun kai baƙin mai zuwa turbo, da na dawo da shi, kuma na dawowar dole ya gangara kai tsaye ya shiga sama da inda mai yake tsayawa a cikin kwanon inji, in ba haka ba mai zai taru a turbon ya riƙa fita ta salansa, ka yi zaton turbon ne ya lalace.

Sai fetur, inda aka fi yin sakaci. Inji mai turbo idan aka take shi ana ba shi mai fiye da kima da gangan, kimanin kashi 11.5 zuwa 12 na iska bisa 1 na fetur, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Bari mu lissafa. Doki 300 a inji mai turbo yana shan kusan lita 110 a awa idan an take shi har ƙasa. Raba wa silinda huɗu, kowane nozul sai ya zuba cc 460 a minti. Ba a so nozul ya yi aiki fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, don haka mai cc kusan 600 kake nema. Na ƙaramar mota daga kamfani galibi bai kai rabin haka ba. Famfon mai ma haka: shahararren nan na Walbro mai lita 255 a awa yana da wannan lambar ne a wani matsi na musamman, kuma da turin iska ya hau, matsin fetur ya hau tare da shi, abin da famfon ke turawa sai ya ragu. Idan kana inda ake samun E85, wato fetur da aka gauraya da etanol mai yawa, yana jure ƙwanƙwasa sosai, amma yana buƙatar ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 na yawan mai, don haka nozul da famfo sai sun ƙara girma.

A nan na yi asarar injina na farko. Na sayi komai mai kyau, na bar famfon mai na asali da niyyar canza shi wata mai zuwa. A giya ta huɗu, a doguwar hanya, mai ya gaza, silinda ta uku ta yi zafi, fistin ya narke ta gefe. Daƙiƙoƙi kaɗan ne. Na'urar auna haɗin iska da fetur da za ta nuna mini abin da ke faruwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe wajen gyara ba, ita ma na ɗage sayenta. Har yau abin yana yi mini ciwo, shi ya sa ba na gajiya da maimaita shi.

Kwamfutar inji da mai saita ta su ne ran aikin gaba ɗaya. Wasu motocin ana iya sake rubuta kwamfutarsu ta asali, kamar yadda ake yi da Hondata a Honda ko HP Tuners a motocin GM, wato kamfanin General Motors na Amurka. Wasu kuwa sai an sa mai zaman kanta irin su Haltech, Link ko MegaSquirt, ita kuma tana zuwa da aikin waya. Saitin da aka sauko da shi daga intanet an yi shi ne don injin wani, da fetur ɗin wani, a yanayin garin wani. Naka sai an ɗora shi a daino, na'urar auna ƙarfin inji, an saurari ƙwanƙwasa, an ja lokacin tartsatsin filogi baya inda ya kamata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a kan daino ne duk wani ƙulli marar ƙarfi da duk wata waya da aka murɗa da hannu suke tona kansu, kuma awa ake biya.

Girman turbon kansa ma zaɓi ne. Ƙarami yana tashi da wuri amma numfashinsa yana ƙarewa a sama. Babba yana ba da lamba mai ban sha'awa, amma a ƙasa da juyi 4,000 motar za ta zama kamar an ɗaure ta, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya. A titi ƙaramin ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Sai dai a kula, murɗa mai yawa a ƙaramin juyi ita ce ke lanƙwasa kwanrod na asali, ita ce kuma ke sa kuloci zamewa. Mai saiti na ƙwarai yakan rage turi a ƙasa ya sake shi a sama saboda wannan.

Akwai wata iyaka da ya kamata ka sani tun kafin ka fara. Kowane inji yana da ƙarfin da kayan cikinsa na asali za su ɗauka, kuma masu irin injinka sun riga sun gano wurin da fasa nasu. Ƙasa da wannan iyakar, aikinka ɗaure-ɗaure ne daga waje. Da ka tsallaka ta, ka shiga wani kasafi dabam: sauke inji, fistin da kwanrod ƙirarru, kusoshi masu ƙarfi irin na ARP, borin, girandin, daidaita nauyi. Fistin ƙirarru ma iri biyu ne, gwargwadon lambar haɗin alminiyom da aka ƙera su da shi. Na 4032 yana da silikon da yawa, ba ya kumbura sosai da zafi, shiru yake kuma yana daɗewa, ya dace da motar titi. Na 2618 ya fi jure duka, amma yana kumbura, don haka ana bar masa fili, ya riƙa ƙara da safe kafin inji ya ɗumama, kuma yana saurin cinyewa. Bakin ringi ana buɗe shi fiye da na inji marar turbo, domin idan zafi ya sa bakunan biyu suka haɗu, saman fistin ne zai ɓalle. Tsakanin metal da kiranshaf kuwa, abin da aka saba farawa da shi shi ne inci 0.001 ga kowane inci na kaurin wurin, kuma aunawa ake yi, ba a ɗauka cewa sabo daidai yake. Mutum goma za su ce doki 400 suke so, alhali da sun tsaya a 280 da ba su taɓa kwance kusa ɗaya ta cikin injin ba.

Jarabar ƙarshe ta mai turbo ita ce ƙara turi danna maɓalli ne kawai. Bayan wata biyu jiki ya saba, hannu ya fara ƙaiƙayi. Ka yanke wa kanka iyaka tun kana da natsuwa.

Sufacaja

Ita ma iska take dannawa, amma bel ne ke juya ta daga kiranshaf. Nau'in Roots ya samo asali daga wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, da suka yi rajistar injin hura iska a 1860, tun kafin a san mota. Shi da mai kama da dunƙulen sukuru suna ba da turi tun daga ƙasa, motar ta ji kamar an ƙara mata silinda. Mai kama da rabin turbo kuwa turinsa yana hawa ne tare da juyi, don haka yana tausaya wa giyabos da kwanrod a ƙasa.

Tana cin wani abu daga abin da take samarwa. Dodge Hellcat ta 2015 mai doki 707, sufacajarta kaɗai tana shan doki kusan 80 kafin ta juya a cikakken gudu. Nozul da fistin sai sun ɗauki nauyin wannan ƙarfin da ba zai taɓa isa taya ba. Tana kuma tara zafi idan aka yi ta takawa a jere, bel yana iya zamewa idan aka rage fuli da yawa, kuma tana da rufi: idan ka kai iyakarta, sai dai ka sayi wata.

Abin da nake yaba mata shi ne gaskiyar farashi. Galibi a haɗe take zuwa, da bel da maƙalai da nozul da saitin da aka gwada a kan irin injinka. Kuɗin farko ya fi na turbon da aka tsinto gida-gida, amma ba walda, ba manifol, ba wuta kusa da wayoyi, kuma mutum mai haƙuri yana iya ɗaura ta cikin 'yan kwanaki. Ga mai inji babba ko matsakaici da ke son ƙarin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ya tsaya nan, ban san hanyar da ta fi ta kwanciyar hankali ba. Idan babu wanda ya ƙera haɗin don irin injinka, ka manta da ita.

(Za a tambaye ni iskar naitros, wadda ake fesa wa inji daga kwalba don ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci. Kashi 36 cikin 100 na nauyinta oksijin ne, kuma ba abin da ya kai ta araha a kan kowane doki. Amma kwalba ce, tana ƙarewa. Ta mai tseren miƙe ce na 'yan daƙiƙoƙi, ba ta mai son mota mai ƙarfi kullum ba.)

Sauya inji

Hujjar wannan hanyar mai ƙarfi ce: doki 300 daga injin da aka ƙera don ya ba da 300 ya fi doki 300 daga wanda aka ƙera don 150 aka tilasta masa. Zai tashi da safe, zai yi sanyi a cunkoso, kayan gyaransa na kanti ne. Dangin LS na GM, da suka fara da LS1 mai lita 5.7 da doki 345 a Corvette ta 1997, sun yi suna ne saboda gajarta da ƙanƙantar jiki, domin kamshaf ɗaya ne a tsakiyar bulok, don haka suna shiga inda ba a zata ba. 'Yan'uwansu masu lita 4.8 da 5.3 na motocin ɗaukar kaya an ƙera su da miliyoyi, shi ya sa suke da araha a Amurka. A inda ba su da yawa kuwa, arahar ba ta biyo su, kuma wannan ƙa'ida ce ga kowane inji: wanda ya cika kasuwar da ke kusa da kai shi ne mai sauƙi, ba wanda ya cika intanet ba. 2JZ-GTE, mai bulok na baƙin ƙarfe da silinda shida a jere, an rubuta masa doki 276 a Jafan da 320 a Amurka, kuma ya shahara da ɗaukar fiye da haka nesa ba tare da an buɗe shi ba. Amma dogo ne, mai nauyi, sunansa ya ɗaga kuɗinsa, kuma mafi ƙuruciyarsu ya haura shekara ashirin.

Injin shi ne abu mafi sauƙin saye a wannan aikin. Bayansa akwai mazaunin inji, kwanon mai da zai kauce wa sitiyari, giyabos ko farantin haɗa shi da naka, furofela, aksul da zai jure, lagireto, salansa, da wayoyi. Wayoyin nan su ne ke kwantar da ayyuka da yawa, musamman a sababbin motoci inda kwamfutar inji take magana da agogon gaba da birki da makulli, ta ƙi tashi idan ba ta ji muryar da ta sani ba. Saboda haka idan da hali ka sayi motar da ta yi hatsari gaba ɗayanta, ko rabinta na gaba, da wayoyi da kwamfuta da makulli, maimakon inji tsirara. Nauyi ma abin dubawa ne: inji mai nauyi a hancin ƙaramar mota yana ɓata mata kwana. Takardu da inshora kuma ka bincika dokar inda kake tun kafin ka biya, domin akwai ƙasashen da canza inji ko taɓa na'urar tace hayaƙi yake hana mota hawa titi.

Bambancin da ya fi kowane girma a nan shi ne tsakanin sauyin da ɗaruruwa suka riga suka yi, wanda ake sayar da mazauninsa da wayoyinsa a shirye, da wanda kai ne na farko. Na farkon ana iya yi masa kasafi. Na biyun ba wanda zai iya gaya maka ƙarshen kuɗinsa, har da kai.

Injin hannu kuma ba a saye da ido. A auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A hura iska a ji inda take zurarewa. A leƙa da ƙaramar kyamara ta ramin filogi, a yanka matatar mai a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe.

Yadda nake raba kuɗin

Wannan tsarina ne, ba doka ba. Idan na kasa abin da nake da shi kashi goma, huɗu kawai nake bai wa abin da ke kawo ƙarfin, turbo ne ko sufacaja ko inji. Biyu na fetur ne da kwamfuta da saiti. Biyu na kuloci da sanyaya da birki da taya. Biyun ƙarshe ba na taɓa su sai an buɗe an ga abin da ba a zata ba, kuma ban taɓa gama aiki suna nan cif ba. Idan abin da nake sha'awa ya fi kashi huɗun nan, to lambar da na rubuta a takarda ce ta yi yawa, sai in rage ta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Tsarin saye ma yana da muhimmanci, kuma akasin yadda zuciya take so ne. Lafiyar injin da ke ciki tukuna. Sai birki da taya, domin motar da ke gudun kilomita 140 a awa tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin da birki zai kashe a kan mai gudun 100. Sai lagireto, sai famfo da nozul da na'urar auna haɗin mai, sai kwamfuta. Abin ƙarfin shi ne na ƙarshe. Amfanin wannan jerin shi ne duk inda kuɗi ya tsaya, motar tana tafiya kuma ta fi da kyau.

Ana iya sayen intakula da bututu da wili na hannu. Nozul, famfon mai, metal, da kusoshin kan silinda kuwa sababbi, daga hannun da ka amince da shi, domin jabunsu sun yi yawa kuma ba a gane su sai sun yi ɓarna. Yawancin kusoshin kan silinda na zamani sau ɗaya ake ɗaure su, suna miƙewa, ba a maimaitawa. Ka sa kayan aiki a lissafi: sifana mai auna ɗauri, ma'aunin kauri, abin ɗaga inji da na kafa shi. Ka sa ƙananan abubuwa, robobi, ƙulluna, gasket, mai, ruwa, kuɗin aiko da kaya, domin su ne ba a rubutawa kuma su ne ba sa ƙarewa. Bayan an gama ma akwai ci: fetur mai tsada, canjin baƙin mai akai-akai, taya da ke saurin ƙarewa. Ranar sayarwa kuma kada ka sa ran kuɗin kayan nan zai dawo. Idan motar ita kaɗai gare ka, kuma da ita kake zuwa aiki, to duk abin da zai sa a sauke inji ka ɗage shi sai ka samu ta biyu.

Ga mai ƙaramin inji mai lafiya da ke son ƙarin rabi, ni turbo ƙarami zan ce, a turi kaɗan, ba tare da an buɗe ciki ba, kuma kuɗin mai saiti a ware shi tun ranar farko. Mai V6 ko V8 da ke son abin da zai ɗaura ya manta, sufacaja. Wanda injinsa ya riga ya gaji, ko yake son ninki biyu na abin da yake da shi, ya nemi sauyin da aka saba yi wa irin motarsa. Gina ciki ba turin iska kuwa na wanda ya riga ya san ƙarar da yake nema ne a juyi 8,000, ya kuma yarda zai biya ta da tsada. Ko wanne ka ɗauka, a wannan makon ka ɗumama injin, ka cire filogi duka, ka auna matsin kowace silinda, ka rubuta lambobin a ƙarƙashin waccan lambar ta farko.